Alamar hamza a sunan Jama'are da matacin saƙonnin JMS

Ɗan Katagum: Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da manhajar da nake haɗawa, wadda take ɗebo saƙonni daga layin jira bisa ƙa'idar JMS (Java Message Service), wato tsarin aikawa da karɓar saƙonni tsakanin manhajojin da aka rubuta da harshen Java. Ina so reshenmu na Jama'are ya karɓi nasa saƙonnin kawai, sai na rubuta sharaɗin tacewa haka: gari = 'Jama'are'. Nan take aka mayar mini da InvalidSelectorException, wato saƙon kuskure cewa sharaɗin tacewar bai inganta ba. Na sa karkataccen layi \ kafin hamzar kamar yadda muka saba a Java, bai yi ba. Wannan wariya ce ga harsunanmu, domin Asma'u da Sa'adu da Jama'are duk ba a lissafa da su ba lokacin da aka tsara abin.

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganin damuwarka gajere ne: ninka alamar, ka rubuta gari = 'Jama''are', wato alamar zance guda sau biyu a jere, ba mai tagwaye ba. JMS ta fito a 1998, kuma ta aro nahawun tacewarta daga SQL-92, ƙa'idar harshen tambayar rumbun bayanai, inda karkataccen layi ba ya kare komai a cikin rubutu. Amma kalmar wariya ka janye ta, domin ta yi nauyi.

Malama: Injiniya, ban ga dalilin da zai janye ba. Idan tsari ya karɓi Kano da Zariya cikin sauƙi, amma sai an yi wa Jama'are dabara ta musamman, to wani suna za a ba wannan bambancin? Ba dole ne sai da niyya ake nuna wariya ba.

Injiniya: Malama, da girmamawa, mutumin Ireland mai suna O'Brien yana cin karo da wannan matsalar daidai da Sa'adu, haka garin L'Aquila na Italiya, haka N'Djamena. Abin da ya sami Bature da Bahaushe a wuri ɗaya ba za a kira shi wariya ba. Alamar da ke buɗe rubutu ita ce ke rufe shi, don haka injin yana ganin 'Jama' ya ƙare, sai ya rasa yadda zai yi da sauran.

Malama: Ai ka ƙarfafa maganata ne, domin ka nuna cewa waɗanda aka manta da su suna da yawa. Kuma na lura cewa duk lokacin da aka soki wani tsohon tsari a nan, ku da kuka daɗe a aikin ne kuke tashi kare shi.

Baban Yara: Ni a ganina laifinmu ne. Hamza baƙi ce a Hausa, ba alamar zance ba, kuma Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ware mata U+02BC. Da muna rubuta Jamaʼare da wannan harafin maimakon alamar zance ta yau da kullum, wato lamba 39 a tsohon tsarin haruffa na ASCII, da matacin bai ko lura da ita ba.

Ɗan Katagum: Yallaɓai, wa zai tilasta wa ma'aikacin reshe ya nemo wannan harafin a wayarsa? Wasu wayoyin ma lanƙwasasshiyar alama U+2019 suke sakawa da kansu. Kenan gari ɗaya zai zama iri uku a rumbun bayanai, kuma saƙon da aka aiko da ɗaya ba zai dace da sharaɗin da aka rubuta da wani ba, zai zauna a layi babu mai ɗauka.

Baban Yara: Wannan kasala ce, irin wadda ta sa har yau mutane suke rubuta k a wurin ƙ, suna mayar da ƙasa kasa.

Malama: Kada ka kira talaka mai kasala saboda allon rubutun da ba shi ya ƙera ba.

Hajiya: Jama'a, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci kuma an tsallake shi. Idan sunan garin daga hannun mai amfani yake fitowa ana liƙa shi kai tsaye cikin sharaɗin, wani zai iya rubuta x' OR '1'='1 ya kwashe saƙonnin kowane reshe. JMS ba ta da hanyar cusa ƙima daban da sharaɗi kamar yadda PreparedStatement yake yi a JDBC, hanyar da Java take magana da rumbun bayanai, saboda haka dole ne manhajar ta ninka kowace alama da kanta kafin ta haɗa jimlar, ko kuma a tace da lambar reshe maimakon sunansa.

Malama: Hajiya, tace mutum da lamba don sunansa ya gagari inji ai ita ce wariyar da nake faɗa.

Mai kula da zaure: Na rufe wannan batu domin an fara maimaita magana. Taƙaitawa ita ce: Injiniya, wanda ya fi kowa daɗewa a wannan fanni, ya ba da amsa tun farko, a ninka alamar, kuma ya tabbatar da cewa babu wata wariya. Sauran abin da aka faɗa ra'ayi ne. Ɗan Katagum, ka gwada ka sanar da Injiniya sakamakon.