Ta ina mai neman shugabancin makaranta zai fara koyon dokokin ilimi?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum. Ni malama ce, na kuma fara karatun gudanar da makarantu da fatan wata rana a damƙa mini shugabanci. Darasin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na dokoki da manufofin ilimi, domin takardun sun yi yawa: ga tsarin mulki, ga dokar ilimi, ga takardun umarni daga ma'aikata, ga kuma ƙa'idojin da makaranta ta tsara wa kanta. Da wanne ya kamata in fara, kuma ina iyakar abin da ake bukatar shugaba ya sani, tunda shi ba lauya ba ne?

Tsohon Shugaban Makaranta:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da sanin wace takarda ce ke gaba da wace. Tsarin mulki ne a sama, sai dokar da majalisa ta yi, sai umarnin ma'aikata, sannan ƙa'idojin makaranta a can ƙasa, kuma duk ƙa'idar da ta ci karo da abin da ke samanta ba ta da tudun dafawa a gaban kotu. Ki kuma bambanta doka da manufa, domin manufa tana bayyana inda gwamnati ta dosa ne, ita kuwa doka kotu na iya tilasta wa mutum bin ta. Ba a neman ki haddace sashe-sashe. Abin da ake so shi ne, kafin ki sa hannu a takardar dakatar da ɗalibi, ki iya nuna inda aka ba ki wannan ikon a rubuce.

Lauya Mai Bibiyar Harkar Ilimi:
Na yarda da Malam, amma zan ƙara da cewa abin da ya fi kayar da shugabanni shi ne hanyar da suka bi wajen yanke hukunci, ko da hukuncin kansa daidai ne. A shari'ar Goss da Lopez ta 1975, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ko dakatarwar da ba ta wuce kwana 10 ba ce, wajibi ne a sanar da ɗalibi laifin da ake tuhumarsa da shi, a kuma ba shi damar faɗin nasa. A 1985 kuma, a shari'ar wata ɗaliba 'yar shekara 14 da mataimakin shugaba ya bincike jakarta a jihar New Jersey, kotun ta ce makaranta na iya bincike ba tare da takardar izinin alƙali ba, muddin akwai zargi mai tushe kuma binciken bai wuce gona da iri ba. Waɗannan hukunce-hukunce Amurka kaɗai suka ɗaure, amma karanta su yana koya wa mutum irin tambayoyin da alƙali ke yi. Ki haɗa da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, musamman sashe na 12 kan sauraron yaro, da na 28 wanda ya ce ladabtarwa ta dace da mutuncinsa.

Mataimakiyar Shugaba:
'Yar'uwa, ni a ganina an fi mai da hankali kan ladabtarwa, alhali sakaci wajen kula da yara ya fi ta haɗari. Idan yaro ya faɗo daga kan katanga lokacin hutun tara, ya karye, tambayar farko ita ce wane malami ne ke kan aikin sa ido a wannan rana, ta biyu kuma ko an taɓa kawo rahoton tsagewar katangar. Saboda haka ki saba da rubuta komai a ranar da ya faru, da lokaci, da sunayen waɗanda suka gani, da sa'ar da aka sanar da iyaye, sannan ki adana bayanan ɗalibai inda ba kowa zai buɗe ba.

Malamar Aji Shida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi dokar ilimi in ajiye ta gefe da gefe da ƙa'idojin makarantarmu, in fara duba sashen dakatarwa da na sa ido a kan ɗalibai.