Abin da aka tattara kan haɗa manhaja da rumbun bayanai

Ga taƙaitaccen abin da 'yan uwa suka faɗa a tattaunawar da aka yi kan yadda ake haɗa manhaja da rumbun bayanai (inda take ajiye bayananta), musamman don ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello a harabar Samaru da Kongo masu aikin shekarar ƙarshe:

1. Kafin ka zargi manhajarka, duba adireshin sabar (kwamfutar da ke riƙe da rumbun), lambar ƙofa (lambar da ake bi a shiga sabar), sunan shiga, kalmar sirri da sunan rumbun. Manhajar rumbu ta MySQL na amsawa a ƙofa 3306, ta PostgreSQL kuma a 5432.

2. Idan manhajar tana aiki a kwamfutarka amma ta ƙi a ta abokinka, wataƙila sabar tana sauraron 127.0.0.1 kaɗai, wato adireshin da kwamfutar da sabar take ciki ce kawai ke iya bi.

3. Baki ya zo ɗaya: kada a rubuta kalmar sirri cikin lambobin manhaja a ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambobin manhaja. A ajiye ta a fayil daban. Masu XAMPP (manhajar da ke mayar da kwamfutarka sabar) kuma, babban asusun rumbun, wato root, na zuwa ba kalmar sirri, ku sa masa. Wannan ya fi damuna, don na ga da yawa sun bar shi haka har ranar gabatarwa.

4. A rufe haɗi da rumbun bayan an gama.

Inda aka rabu: wasu sun ce sabar ta zauna a intanet, wasu suka ce da kuɗin data da ɗaukewar wuta a Zariya, gara a gwada a kwamfutar gida tukuna.