Aikin neman abinci la'ana ne, ko shi ma hidima ce ga Allah?

Sabon Ɗalibi:
Salama, 'yan'uwa. Abu biyu nake so a warware mini. Ana yawan cewa da Adamu bai yi zunubi ba, da babu mai aiki, wato aiki horo ne. Haka Littafi Mai Tsarki ya koyar? Na biyu, wanda yake wuni a gona ko ofis, aikinsa yana da daraja a gaban Allah kamar na mai wa'azi, ko nasa dai ya kawo zakka da baiko?

Malamin Baibul:
Ɗan'uwa, bi surorin a jere. A Farawa 2:15 Allah ya sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Zunubi bai shigo ba sai a sura 3. Ko a can ma, ayoyi 17 zuwa 19, ƙasa aka la'anta. Abin da ya ƙaru shi ne ƙaya da sarƙaƙƙiya da gumi, amma aikin kansa ya riga faɗuwa.

Game da daraja kuwa, duba Fitowa 31. Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa, ba firist ba ne, gwani ne a aikin zinariya, azurfa, tagulla, dutse da katako. Mutanen Nazarat sun san Yesu a matsayin masassaƙi (Markus 6:3). Bulus ya zauna da Akila da matarsa a Koranti suna ɗinkin tanti. Kiran fasto daban ne, amma bai fi naka tsarki ba. Wannan na cikin abin da Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya nace a kai a shekarar 1520.

Dattijon Ikilisiya:
Malam ya gama da koyarwa, ni bari in taɓo inda ake samun matsala. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce kada a karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada a yi ƙwace ko ƙazafi, a gamsu da albashi (Luka 3:12-14).

Idan kai ne ma'aikaci, sa'o'in da aka biya ka na mai aikin ne. Barin mutane a layi kana karatun Baibul ba ibada ba ce. Aikin ganin ido ma Kolosiyawa 3:22 ta hana.

Idan kai ne mai ɗaukar ma'aikata, nauyinka ya fi. Ku daidaita kafin a fara: wane aiki, sa'a nawa, nawa za a biya, wace rana. Ku rubuta, kowa ya riƙe tasa takardar. Ko mai gonar inabi na Matiyu 20 sai da ya yi ciniki da ma'aikatan farko a kan dinari guda, kuɗin wancan zamani, a yini. Rigima ta fi yawa idan ɗan ikilisiya aka ɗauka, domin kunya takan hana maganar kuɗi, a ce ai ɗan'uwa ne. Wata ya ƙare, wannan yana jiran albashi, wancan yana ganin taimako ya yi. Sannan a biya a kan lokaci. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a ba matalauci ladansa kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka. Baiko mai tsoka ba ya goge wannan bashi.

Mama Mai Lura:
Baba, ka yi daidai, amma a ƙara wannan. Ana yawan jifan marasa aiki da 2 Tasalonikawa 3:10, inda aka ce wanda ba ya son aiki kada ya ci abinci. Ayar tana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki, ba wanda ya nema bai samu ba, balle mara lafiya ko tsoho. Shari'ar Musa ma ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa domin matalauta su yi kala, ta haka Rut ta ciyar da surukarta. Ikilisiya ta fara haɗa mutum da mai koya masa sana'a kafin ta tsawata masa.

Kuma ba duk aiki ne ke da albashi ba. Reno, girki da jinyar iyaye aiki ne. Hutun kwana ɗaya cikin bakwai da ke Fitowa 20:10 ya haɗa har da barori, don haka mai aikin gidanku ma tana ciki.