Me ke sa direbobin Kano ƙara wuta in ruwa ya tsuge?

Maman_Khairat:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu mota da 'yan adaidaita sahu ku faɗa min, me ke shiga kanku ne da zarar an kece da ruwa? Lokacin da ya kamata a lallaɓa sai ka ga kowa ya take mota, ga titi ya cika ba a ganin rami ba a ganin kwata, bawan Allah ya raɓe a gefe ya tattare riga sai wani ya zo ya sheƙa masa ruwa tun daga kai har ƙafa ko waiwaye babu. Jiya a Zoo Road haka aka yi wa wani dattijo da farar shaddarsa, da gani masallaci ya nufa. Ruwan nan fa har da najasa a ciki. Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Ɗan_Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ɗan adaidaita ne, ba duka ne mugunta ba. Keken nan ba ƙofa sai labulen leda, fasinja na jiƙewa suna ta malam yi sauri, kuma in ruwa ya taɓa fulogi shikenan sai turi, mai keke kuwa ba ruwansa da damina balas ɗinsa yake jira da daddare. Mu ma masu jif wanka suke mana kullum. Amma watsa wa dattijo ruwa kam rashin tarbiyya ne, ko haƙuri ai sai a ba shi.

Oga_Gareji:
Ɗan Kurna gudun nan shi ke kashe muku abin hawa. Ni bakanike ne, duk watan Agusta aikin da muke sha ke nan. In ka afka ruwa da gudu sai ya taso ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, mota ta mutu, direba kuma ya dinga murza makulli yana son dole sai ta tashi, to a nan ne ake lanƙwasa ƙarfen cikin inji, aikin dubu biyar ya koma sauke inji gaba ɗaya. In ta mutu a ruwa a tura ta gefe kawai. Giya ɗaya ake sawa a tafi a hankali ba ɗaga ƙafa, in an fita a ɗan tattaka birki ya bushe. In ka ga ruwa ya wuce rabin taya, musamman a gadar ƙasa irin ta Kabuga ko Gadon Ƙaya, juya ka nemi wata hanya. Sannan masu sudaddiyar taya da waifa da ta mutu tun bara, ku ji tsoron Allah.

Yaya_Babba:
Nawa ciwon masu bin wanwe ne. Da hannunsu ya cika sai su hauro na wasu, a haɗu goshi da goshi a kulle titi har bayan isha'i. Ga masu kunna sigina biyu suna ta tafiya, ba ka san dama za su yi ko hagu ba. Mu ma muna da laifi, ledar fiya wata da muke cusawa a magudana ita ke dawo da ruwan kan kwalta, kowa ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022.

Maman_Khairat:
Allah ya saka Oga. Ɗan Kurna na ji uzurinka, amma na jif ɗin da gilashinsa a rufe ba ɗigo ɗaya da ke taɓa shi, shi kuma saurin me yake?