Maganin kitsen jini da dajin hanyar abinci: muhawarar zauren dangi

Ɗan Birni: Salamu alaikum. An turo mini murya wai maganin rage kitsen jini, atorvastatin da ire-irensa, yana jawo ciwon dajin hanyar abinci, wato bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. Baba ya ji, kwana biyar ke nan ya daina sha. Hankalina a tashe yake.

Kawu na Zango: Ai gara da ya daina. Ƙwayar da za a ce ka sha kullum har ƙarshen rai, ba a rasa abin da take ci a jiki.

Auta: Kawu, ni akasin haka na karanta. Wai masu shan sa ma sun fi tsira daga wannan dajin. Kowa ya saya kawai!

Yaya Majo: Ku dakata. Kawu, ka gafarce ni, muryar nan ba ta da tushe. Maganin a hanta yake aiki, yana rage kitsen da take haɗawa. Tun 1987 aka fara ba da irinsa a Amurka, kuma manyan gwaje-gwajen da aka yi da dubban mutane ba su nuna ya ƙara ciwon daji ba. Illarsa da aka fi sani ita ce ciwon tsoka.

Auta: To ai na yi gaskiya ke nan, Yaya.

Yaya Majo: Rabin gaskiya. An lura da raguwar dajin a wurin masu sha, musamman waɗanda ƙwannafi ya daɗe yana ƙona musu ƙasan hanyar abinci. Amma lura ce aka yi. Mai shan magani kullum shi ne mai zuwa likita a kai a kai, sau da yawa ya ma bar sigari. Wa zai ce ƙwayar ce ta kare shi? Kuma dajin nan iri biyu ne. Wanda ya fi yawa a Afirka, taba da giya da abin sha mai tsananin zafi ake dangantawa da shi.

Kawu na Zango: Yanzu kuma shayinmu za ki taɓa?

Yaya Majo: Zafinsa, Kawu. A 2016 hukumar binciken daji ta duniya da ke Faransa ta ce abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Celsius mai yiwuwa ne ya jawo shi. Mu kuwa a fada daga buta sai baki. Wannan ya fi damuna a kan ƙwayar Baba.

Ɗan Birni: To Baba fa? Yana da hawan jini, bara ɓarin jikinsa ya ɗan taɓu.

Yaya Majo: Subhanallahi, shi ne ma bai kamata ya daina ba, don kare shi daga maimaituwar wannan aka rubuta masa. Abinci yana tsaya masa a ƙirji? Yana rama?

Ɗan Birni: A'a, tuwo ma ci yake lafiya lau.

Yaya Majo: Alhamdulillahi. Da yana tsayawa, da na ce a yi masa awo ba jinkiri. Gobe da safe ka kai shi wurin wanda ya rubuta maganin, ka tafi da kwalin.

Kawu na Zango: Ni dai ban gamsu ba. Amma zan raka su, in ji da kunnena.