Injin Supra a Hiace, da rigimar kalmar akwala

Mai Hiace: Jama'a ku raba mana gardama. Hiace ɗina mai injin 2RZ ta fara shan baƙin mai, in na tayar da ita da asuba hayaƙi har gidan maƙwabci. Na samu injin 2JZ, irin na Toyota Supra, lita 3, fulogi shida a jere. Na kai wa wani bakanike nan Bauchi, ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa bodi da sifana, ya ce shi ba ya ɓata aikinsa a kan akwala. Motar da na aurar da 'ya'ya biyu da guminta! Wallahi injin zai zauna, ƙyashi ne kawai.

Ɗan Wunti: Akwala? Subhanallahi. Motar da ke zuwa Gombe ta dawo kullum ba akwala ba ce.

Na Tumfure: Malam, duk motar da sai an tura ta tashi akwala ce, ko jiya aka saye ta.

Mai Hiace: Wa ya ce maka ana tura ta?

Baba Direba: Yara, akwala daban, tsohuwar mota daban. Akwala ita ce wadda kwandasta ke ɗaure ƙofarta da igiya. Na ja irinta a hanyar Alkaleri, na san abin da nake faɗa.

Yaron Gareji: Baba a gafarce ni. Injin Hiace a ƙarƙashin kujera yake, 2JZ kuwa dogo ne. Sai an sake giyabos da lagireto da wayoyi, a gyara farfela. Burkin ma fa?

Na Tumfure: Ku kawo ta Gombe ku ga aiki. Kanikawan Bauchi baki ne kawai.

Ɗan Wunti: Kai da sai 1996 aka yanke ku daga jikinmu, yau kai ne mai koya mana sana'a?

Na Tumfure: To ku gyara akwalarku mana.

Baba Direba: Ka janye kalmar nan, ɗana. Abincin mutum kake zagi.

Shugaban zaure: Na rufe maganar. Abin da aka tsayar: Hiace ɗin Alhaji ba akwala ba ce, kamar yadda Baba ya tabbatar, kuma bakaniken nan bai kyauta ba. Na Tumfure ya zo da rashin ladabi, mu 'yan Bauchi mun yi masa haƙuri. Alhaji, ka kawo ta garejin ƙanina ranar Asabar.