Me za a kira "menu" da Hausa? Mai buga takarda na jira

Mai gidan abinci, Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Ranar Asabar zan buɗe gidan abincina, mai buga takardu ya ce in kai masa rubutu gobe kafin la'asar. Komai da Hausa na rubuta: tuwon shinkafa, waina da miyar taushe, dambu, ɗanwake, farfesun kayan ciki. Abin da za a sa a sama ne ya gagare ni, ba na son menu.

Ɗalibar jami'a: Wa alaikumus salam Hajiya. Jerin abinci, shi ke nan.

Ma'aikacin rediyo: Jadawalin abinci ya fi daɗin faɗi.

Malamar firamare: Jadawali da lokaci yake tafiya, kamar na darussa. In ta sa shi, sai a ɗauka Litinin tuwo, Talata shinkafa, irin na makarantar kwana.

Tsohon malamin Hausa: Kuma Larabci ne. Har yaushe za mu yi ta aro? Hausa na da hanyar ƙirar suna: karanta ta ba da makaranta, jima ta ba da majema. Takardar nan wurin zaɓi ce, don haka mazaɓa.

Ma'aikacin rediyo: Allah gafarta Malam, 'yan siyasa sun riga ka. A rubuta mazaɓa a ƙofa, mutane su shigo da katin zaɓe.

Tsohon malamin Hausa: To a bi sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da magirbi. Mazaɓin cimaka.

Malamar firamare: Baba, mazaɓi ai mai zaɓen ne.

Tsohon malamin Hausa: Karin sautin ya bambanta, 'yata. Na kayan aiki duk sama yake.

Malamar firamare: A baki ke nan. A takarda wa ke rubuta karin sauti?

Ɗan Daura: Ni dai roƙona a rubuta hura, kar a rubuta fura. A ƙasar Katsina muke, ba Kano ba.

Ɗalibar jami'a: Daidaitacciyar Hausa fa? A makaranta fura aka koya mana.

Ɗan Daura: Kananci ne aka sa wa babbar riga. Daura tushen Hausa, mu za a koya wa?

Ma'aikacin rediyo: Tushe a Daura, ilimi a Katsina. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye, ka zo ka gani.

Mai gidan abinci, Ƙofar Kaura: Don Allah 'yan uwa, gobe ne fa.

Mai sayar da abinci a Daura: Hajiya, ki bar su. Babu wanda zai shigo ya ce a ba shi mazaɓi, "me ya sauka?" za a tambayi yaranki. Abin da zan ce miki: kar ki bari a buga kuɗi a takardar. Shinkafa da mai ba sa zama wuri ɗaya, wata guda sai ki sake bugu. Ki bar gurbi, a rufe takardar da leda mai tauri, ki riƙa rubutawa da maka kina gogewa. Kar ki cika kala da yawa, abin da kika tabbata yana tukunya kullum shi za ki sa, don "ya ƙare" sau biyu na korar mai saye. Ki raba na safe da na rana da na sha. Kowane da hotonsa, ba kowa ke karanta boko ba, kuma hoton girkinki, ba na intanet ba. Wanda ya fi kawo miki riba ki sa shi a sama. Dambu in ba kullum ba ne, ki rubuta a allo a bakin ƙofa, "Na yau", ki ɗora a WhatsApp kafin azahar.

Tsohon malamin Hausa: Allo ma Larabci ne.

Mai sayar da abinci a Daura: Malam, da shi ka yi karatu kuma.

Mai gidan abinci, Ƙofar Kaura: Na gode Yaya, Allah ya bar zumunci. Zan sa "Jerin abincinmu". Fura kuma zan rubuta, ɗan Daura ka yi haƙuri.

Tsohon malamin Hausa: Jeri dai Hausa ce, ba zan ja ba. Amma jeri bai nuna zaɓi ba, ko kwanukan ɗakin amarya ma jere ake yi musu. Mazaɓi na nan, wata rana za ku neme shi.

Ɗalibar jami'a: Hajiya, robar tekawe fa, me kika rubuta?

Mai gidan abinci, Ƙofar Kaura: Na tafiya da shi. Don Allah kar wanda ya taɓa mini wannan sai an buga.